Yadda nake gwada sitiyarin tsere mai martanin ƙarfi a Windows, Linux da Mac

Rubutun da ke jikin kwalin sitiyari cewa yana aiki da kwamfuta, kusan kullum Windows yake nufi, kuma ko a nan ɗin bai faɗi abin da ya fi muhimmanci ba. Sitiyari yana iya juyawa, motar da ke allo ta bi shi, totur da birki su amsa, amma hannunka bai ji komai ba. Ka shiga kwana babu nauyi, taya ta hau gefen titi babu girgiza, bayan mota ya zame sitiyarin bai fizge ka ba. Dalili shi ne saƙo iri biyu ke bin wayar USB guda. Na farko yana hawa daga sitiyari zuwa wasa, yana faɗin inda aka juya da yadda aka taka feda. Wannan kowace babbar manhaja, wato Windows ko Linux ko ta Mac, tana karanta shi, domin ƙa'idar HID ce, wadda linzamin kwamfuta da allon rubutu ke amfani da ita. Na biyu yana saukowa daga wasa zuwa injin lantarkin da ke cikin sitiyari, yana ce masa ya ja hagu ko dama da ƙarfi kaza, shi ne martanin ƙarfi. Wannan na biyun ne ke yankewa a hanya, kuma inda yake yankewa ya bambanta daga babbar manhaja zuwa wata.

Shi ya sa ba na fara buɗe wasa. Da farko nakan duba da wane suna sitiyarin ya gabatar da kansa ga kwamfuta, sannan in ga ko babbar manhajar za ta iya motsa shi ba tare da wani wasa ba, sai a ƙarshe in shiga wasan. Wanda ya fara daga wasa zai yi ta murɗa saitin ƙarfi alhali saƙon bai ma fita daga kwamfutar ba.

Haɗin kansa yana da tsari. Ina ɗaure sitiyarin da tebur sosai, in sa wayar feda da ta giya a jikinsa, in ba shi wuta daga nasa adafta, sannan in soka USB ɗin kai tsaye a kafar da ke jikin kwamfuta, ba ta wani mahaɗin da ke rarraba kafa ɗaya zuwa huɗu ba. Da zarar sitiyari mai giya ko mai bel ya samu wuta da USB, zai juya da kansa har ƙarshen ɓangare ɗaya, ya koma ƙarshen ɗayan, ya dawo tsakiya ya tsaya. A cire hannu lokacin, domin iyakarsa yake aunawa, kuma idan aka riƙe shi zai ɗauki wani wuri dabam a matsayin tsakiya. Wannan juyin yana yaudarar mutane da yawa. Manhajar da ke cikin sitiyarin ce take yin sa, ba kwamfuta ba, don haka abin da ya tabbatar kawai shi ne injin yana da lafiya kuma wuta na isa gare shi. Bai ce komai game da direba ba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa kwamfuta da na'urar. Idan kuma bai juya ba sam, adaftan wuta nake fara zargi. Na sitiyarin Logitech G25, G27 da G29 bolt 24 yake bayarwa, kuma ba tare da shi ba maɓallai za su yi aiki da wutar USB, injin kuwa ko motsi.

Kowace na'urar USB tana da lambobi biyu, ta kamfani da ta samfuri. A Windows ana ganinsu cikin Device Manager, a shafin Details, ƙarƙashin Hardware Ids. A Linux umarnin lsusb ne ke nuna su. A Mac suna cikin System Information, sashen USB. Lambar Logitech 046d ce, ta Thrustmaster 044f, ta Fanatec 0eb7, ta Moza 346e. Lamba ta biyu ce ke ba da labari. G27 ba ya farkawa da sunansa: yana fitowa ne da c294, lambar tsohon Driving Force, domin tsofaffin wasanni su gane shi. Sai direba ya aika masa da gajeren umarni, ya ɓace daga kwamfutar na ɗan lokaci, ya dawo da c29b. Haka G25 ke komawa c299, Driving Force GT c29a, G29 kuma c24f. Idan direba bai yi wannan aikin ba, sitiyarin da aka yi don digiri 900 zai tsaya a digiri 200, totur da birki su haɗe a layin motsi ɗaya ta yadda taka su tare yake soke juna, kuloci kuma ya mutu. Mutum zai rantse na'urar ta lalace, alhali ba a tashe ta daga yanayin da take farkawa ba ne. Thrustmaster ma haka: T300RS da T150 duk suna fitowa da b65d, wani suna na gama-gari, sai direba ya mayar da T300RS b66e, T150 kuma b677. G920 yana farkawa da c261 yana jiran Xbox, kuma sai ya koma c262 kafin kwamfuta ta yi magana da shi.

Akwai kuma ɗan makunnin da ke jikin wasu. A saman G29 akwai mai zaɓin PS3 ko PS4: a Windows ina barinsa a PS4, a Linux ina mayar da shi PS3. A T300RS da T150 masu irin wannan makunni, PS3 ne wurin kwamfuta. Ana zare USB kafin a tura makunnin, domin lokacin farkawa kaɗai sitiyarin ke duba shi.

A Windows hanyar ƙarfi tsohuwa ce. DirectInput, sashen da wasanni ke magana da kayan wasa ta cikinsa, ya fara ɗaukar martanin ƙarfi tun DirectX 5 a 1997, kuma har yau yawancin wasannin tsere na kwamfuta ta nan suke bi. XInput, wanda ya zo da Xbox 360 a 2005, girgiza kawai ya sani, bai san ja hagu ko dama ba. Saboda haka duk abin da ya sa wasa ya ɗauki sitiyari a matsayin abin wasan hannu na Xbox, ya kashe martanin ƙarfi ke nan. Steam Input, sashen da ke kula da kayan wasa a manhajar wasanni ta Steam, shi ne ya fi yin haka. A saitin kowane wasan tsere a Steam ina kashe shi tun kafin in kunna wasan karo na farko, domin wasu wasannin suna ajiye na'urar da suka fara gani, su ci gaba da nemanta.

Manhajar kamfani nake fara sakawa, sitiyari yana zare. Mai girka direban Thrustmaster da kansa zai ce maka yanzu ka soka. G25, G27 da Driving Force GT suna bukatar tsohuwar Logitech Gaming Software 5.10, wadda ta dace da Windows ɗinka, yawanci mai bit 64. G29, G920 da G923 kuma sabuwar manhajar Logitech, G HUB, suke so. Ba na barin biyun a kwamfuta guda idan da hali, domin tsohon direban yana iya cafke G29 a lokacin da yake kan c294, ya ɗauke shi a matsayin wani tsohon samfuri. Idan hakan ta faru, cire manhajar kaɗai ba ya wadatarwa. Ina zare sitiyarin, in buɗe Device Manager, in sa ya nuna ɓoyayyun na'urori, in goge duk abin da ya rage na sitiyarin tare da direbansa. Umarnin pnputil /enum-drivers yana lissafa direbobin da Windows ya adana, kowanne da suna irin oem12.inf, sannan pnputil /delete-driver da wannan sunan ya fitar da shi gaba ɗaya. Saitin auna na'ura yana zaune ne a rajista, ƙarƙashin MediaProperties, PrivateProperties, inda kowace na'ura ke da reshe mai lambobin nan biyu. Goge reshen yana sa Windows ya sake auna ta daga farko.

Windows 11 ya kawo wani cikas ga tsofaffin sitiyari. Memory Integrity, wanda ke cikin Core Isolation, yana ƙin direbobin da ba a rubuta su bisa sabbin sharuɗɗa ba, kuma fayilolin tsohuwar manhajar 5.10, irin su WmBEnum.sys da WmXlCore.sys, suna cikin waɗanda yake lissafawa. Ko dai a kashe wannan kariyar direban ya tashi, ko a bar ta G27 ya tsaya a digiri 200. A kwamfutar da aka ware don wasa ina iya kashe ta. A wadda ake aikin ofis ko harkar banki da ita ba na ba da wannan shawarar, gara a nemi wata kwamfutar ko sabon sitiyari. Sabbin kwamfutocin Windows masu kwakwalwar ARM kuwa suna iya kwaikwayon manhajojin x64, wato na kwamfutoci masu kwakwalwar Intel ko AMD, amma ba sa iya loda direban x64 a cikin kenel, zuciyar babbar manhajar. Wasan zai iya buɗewa, direban sitiyarin ya ƙi shiga.

Gwajin da babu wasa a ciki shi ne joy.cpl, wanda ake rubutawa a akwatin Run. Shafin Thrustmaster yana da sashen gwajin ƙarfi inda kowane maɓalli ke kunna wani motsi, tsohon shafin Logitech ma haka yake yi. Idan sitiyarin ya kaɗa a nan, hanyar ta buɗe daga DirectInput har zuwa injin, sauran matsala ta wasa ce. Shafin Windows na asali maɓalli 32 kawai yake nunawa ko da na'urar ta fi haka, wannan ba lahani ba ne. Abu na ƙarshe a Windows shi ne tattalin wuta: a Power Management na kowane USB Root Hub ina cire izinin kashe na'ura don adana wuta, domin yana iya sa sitiyari ya yanke ana tsakiyar tsere.

Kafin in bar Windows ina sabunta manhajar da ke cikin sitiyarin, domin kayan aikin yin haka na Thrustmaster, Fanatec, Moza da Simucube duk na Windows ne. Ba na yin wannan ta Windows ɗin da ke gudana a cikin wata babbar manhaja. Lokacin sabuntawa sitiyarin yana ɓacewa ya dawo da wata lamba, kuma idan kwamfutar kwaikwayon ba ta sake kama shi ba, aikin zai tsaya rabi.

A Linux kamfanonin ba sa ba da direba. Abin da ake da shi ko dai yana cikin kenel, ko kuwa masu sa kai ne suka rubuta shi a waje, kuma a nan ne sanin takamaiman samfurinka ya fi amfani. Tsofaffin Logitech har zuwa G29 suna da direba a cikin kenel, sashen da ake kira lg4ff. Da ka soka G27, umarnin dmesg mai nuna saƙonnin kenel zai nuna shi ya shigo da c294, ya fita, ya dawo da c29b, sannan layi ya biyo baya yana cewa an kunna masa martanin ƙarfi. A cikin /sys/bus/hid/drivers/logitech akwai folda ta na'urar, cikinta da ƙananan fayiloli: range yana riƙe da digirin juyi, combine_pedals yana haɗa feda ko raba su, alternate_modes kuma yana nuna sauran samfuran da sitiyarin zai iya kwaikwaya. Rubuta 900 a cikin range, nan take za ka ji iyakar juyin ta buɗe.

Gwajin ƙarfi a nan fftest ne, wanda ke cikin kunshin joystick a wasu rassan Linux, a wasu kuma linuxconsoletools. Ana ba shi fayil ɗin na'urar da ke /dev/input/by-id, wanda sunansa ya ƙare da event-joystick. Zai yi ƙoƙarin loda motsi shida: kaɗawa mai maimaituwa, ƙarfi tsayayye, sifirin, danniya, da girgiza iri biyu. Gaban kowanne zai rubuta ko ya shiga ko an ƙi shi. Da direban kenel na asali, ƙarfi tsayayye ne kaɗai zai shiga a G27 ko G29. Wannan sakamakon yana bukatar fassara, domin bai kai munin da ake zato ba. Wasannin da ke lissafin ƙarfin taya da kansu, irin Assetto Corsa wanda ke lissafi sau 333 a daƙiƙa, ƙarfi tsayayye suke aikowa, suna ta canza girmansa da alkiblarsa da sauri. Irin waɗannan za su yi daɗin tuƙi ko da direban asali. Wasannin da ke ce wa sitiyari ya yi sifirin ko ya yi nauyi da kansa su ne za su zama fayau: mota tana tsaye amma sitiyarin yana juyawa da ɗan yatsa, ko ya yi ta lilo hagu da dama a miƙaƙƙen titi saboda babu danniyar da za ta kwantar da shi.

Maganin shi ne new-lg4ff, direban waje da ke lissafa sifirin, danniya, gogayya da kaɗawa, ya aika wa sitiyarin. Ana saka shi ta DKMS domin ya sake gina kansa duk lokacin da kenel ya canza. Abu uku ke hana shi tashi. Na farko, rashin fayilolin headers na kenel ɗin da ke gudana, wanda ke sa ginin ya faɗi tun farko. Na biyu, tsohon direban yana cikin initramfs, kunshin fayilolin da Linux ke fara lodawa idan zai tashi, don haka idan sitiyarin yana soke lokacin kunna kwamfuta shi zai riga kama shi, sai an sake gina initramfs. Na uku Secure Boot, kariyar da ke aiki lokacin kunna kwamfuta: kenel ba zai karɓi direban da ba shi da sa hannu ba, kuma dmesg zai faɗi cewa an ƙi makullin. Ana shigar da makullin DKMS da mokutil, a sake kunna kwamfuta, a amince da shi a shuɗin allon da zai fito kafin Linux ya tashi. Alamar cewa sabon direban ne ke aiki ita ce bayyanar ƙarin fayiloli a foldar nan, irin su gain, spring_level da damper_level, sannan fftest ya karɓi sifirin da danniya.

G920 bai bi wannan hanyar ba ko kaɗan. Da ƙa'idar HID++ yake magana, direbansa hid-logitech-hidpp ne, yana cikin kenel tun 4.6, kuma shi kansa sitiyarin ne ke lissafa motsin. Abin da yake bukata kawai shi ne usb_modeswitch ya aika masa da saƙon 0f00010142 ya fice daga yanayin Xbox. Idan lsusb ya ci gaba da nuna c261, wannan kunshin ne babu, ko dokar da ke kiransa a udev, sashen Linux mai karɓar na'urar da aka soka, ba ta tashi ba. Ga Thrustmaster, kenel tun 5.13 yana da hid-thrustmaster, amma aikinsa tashin sitiyari ne daga b65d kawai. Bayan haka juyi da feda za su yi aiki, ƙarfi kuwa sai an ƙara hid-tmff2 don T300RS, T248 da 'yan uwansu. Fanatec yana da hid-fanatecff, kuma dole gindin sitiyarin ya kasance a yanayin kwamfuta, mai jar fitila.

Sitiyarin da aka ɗaura kai tsaye kan sandar injin, ba giya ba bel, su ne suka fi sauƙi a Linux yanzu. Yawancinsu ba su ƙirƙiro nasu yaren ba, suna bin ƙa'idar PID ta USB wadda aka fitar tun 1999 don na'urorin da ke mayar da ƙarfi. Linux ya daɗe da direban wannan ƙa'idar, hid-pidff, amma yana da tsauri: na'urar da ta manta wani fili guda a bayanin da take bayarwa game da kanta, sai ya ƙi ta gaba ɗaya, alhali Windows yana kau da kai. An gyara wannan aka shigar da hid-universal-pidff a kenel 6.15 a 2025, wanda ya ɗauki Moza da Cammus da wasu makamantansu. Don haka ga mai irin wannan sitiyari abin da nake fara dubawa shi ne uname -r, umarnin da ke nuna lambar kenel. Idan kenel ɗin ya gaza 6.15, sabunta shi ya fi duk wata dabara. Saitin da manhajar Pit House ke yi wa Moza a Windows, Boxflat yana yin mafi yawansa a Linux. Ga Logitech da Thrustmaster kuma Oversteer ne: digiri, ƙarfin gaba ɗaya, sifirin tsakiya da shafin gwaji, tare da dokokin udev da ke ba mai amfani izinin taɓa fayilolin nan ba sai ya zama mai gida a kwamfutar ba.

Yawancin wasannin tsere na Windows ne, ta Proton suke gudana a Linux tun da Valve, kamfanin Steam, ya fitar da shi a 2018. Wasan yana magana da DirectInput na Wine, manhajar da ke cikin Proton mai tsayawa a madadin Windows, Wine ya miƙa wa SDL ko evdev, hanyoyin da ake kaiwa ga kayan wasa a Linux, daga nan zuwa direban kenel. Saka G HUB ko direban Thrustmaster a cikin Proton ba ya ƙara komai, domin Wine ba ya loda direban na'ura irin na Windows. Abin da ke da amfani shi ne buɗe joy.cpl na Wine a cikin mazaunin wasan, ta protontricks, da umarnin wine control joy.cpl. Shi ma yana da shafin gwajin ƙarfi. Idan fftest ya yi aiki wannan bai yi ba, sai in canza zubin Proton. Idan dukansu sun yi aiki, sai in koma kan Steam Input da saitin wasa.

Ƙananan abubuwa biyu suna yawan ɓata tuƙi a Linux ba a gane su ba. Kenel yana ba kowane layin motsi ƙima biyu, flat da fuzz, waɗanda aka yi don abin wasan hannu mai rawa a tsakiya. A sitiyari suna haifar da mataccen fili a tsakiya da jinkiri a ƙananan gyare-gyare. evtest yana nuna su, evdev-joystick kuma yana mayar da su sifili. Na biyu ya shafi feda ko birkin hannu masu nasu USB: na'urar da ba ta da maɓalli ko ɗaya, udev yana iya ƙin lissafa ta cikin kayan wasa, sai wasa ya kasa ganinta duk da evtest yana karanta ta. Doka guda a udev mai sa mata ID_INPUT_JOYSTICK daidai da 1 tana warware wannan. A Steam Deck kuma, ƙaramar kwamfutar wasa ta Valve, tushen babbar manhajarta SteamOS a kulle yake, ana iya buɗe shi da steamos-readonly disable a saka direban waje, amma sabuntawar tsarin ta gaba za ta share shi. Can na fi son sitiyarin da direbansa ke cikin kenel.

Akwai katangar da direba ba ya tsallakewa. Wasan da ke da manhajar hana maguɗi mai shiga kenel ɗin Windows sau da yawa ba ya tashi a Proton. EA Sports WRC ya yi aiki a Linux kafin a ƙara masa irin wannan a 2024, daga nan ya daina. Kafin a sayi sitiyari don wani wasa guda, a tabbatar wasan da kansa yana buɗewa.

Mac ba shi da dogon bayani. Apple yana da tsohon sashen ForceFeedback tun zamanin OS X 10.2, amma yana bukatar kamfanin na'ura ya kawo nasa ɓangaren, kuma kaɗan ne suka yi. Feral Interactive, wanda ya kawo DiRT Rally da GRID Autosport da F1 2017 zuwa Mac, ya fitar da ƙaramar manhaja mai suna Free The Wheel don tashin sitiyarin Logitech zuwa cikakken juyinsa. Catalina a 2019 ya daina gudanar da manhajoji masu bit 32, ya kuma fara janye tsoffin direbobin kenel. Ventura a 2022 ya ƙara sanin G29 da G920 a sashen kayan wasa na Apple. Duk da haka, a Mac wasan ne ke yanke hukunci: wanda aka rubuta masa hanyar aika ƙarfi ga takamaiman sitiyari zai kaɗa shi, wanda ba a rubuta masa ba zai karanta juyi kawai. A Mac mai kwakwalwar Intel, Boot Camp yana mayar da shi kwamfutar Windows sosai, kuma nan nake bi. Masu kwakwalwar M1 zuwa sama ba su da Boot Camp, kuma Windows ɗin da ke gudana a Parallels, kwamfutar kwaikwayo a cikin Mac, na ARM ne, wato matsalar direban x64 ta dawo.

Idan an kai ga wasan, saitin iri ɗaya ne a ko'ina. Digirin da ke direba dole ya yi daidai da wanda wasan ya sani. Ina sa cikakken juyi a direba, 900 ga G29 ko 1080 ga T300RS, in bar wasan ya rage wa kowace mota nata. Hanyar dubawa mai sauƙi ce: a juya sitiyari kwata guda, a kalli na cikin motar a allo, shi ma ya tsaya a kwata. Sifirin tsakiya na direba ina kashe shi, domin yana ja zuwa tsakiya ko taya tana riƙe da titi ko ta saki, ya rufe abin da ake son ji. Idan da fara tafiya sitiyarin ya fizge zuwa ƙarshen gefe guda maimakon ya miƙe, alkiblar ƙarfin ce a juye, kuma yawancin wasanni suna da zaɓin juya ta. Da G29, wanda ƙarfinsa bai wuce Nm 2 da ɗoriya ba a ma'aunin ƙarfin murɗawa, wannan ban haushi ne kawai. Da Simucube 2 Pro mai Nm 25 yana iya targaɗa wuyan hannu, shi ya sa gwajin farko a sabuwar babbar manhaja ko sabon direba nake yin sa da ƙarfi kashi 20 cikin ɗari, manyan yatsu a waje da sandunan sitiyari, maɓallin kashewa kusa da hannu. Daga nan ina ƙara ƙarfin wasan har ma'aunin ƙurewa, mai nuna cewa saƙon ya kai iyakar injin, ya fara cika a kwanar da ta fi nauyi, sai in ɗan rage. Idan saƙon ya ƙure, duk abin da ya wuce iyakar injin yana zama nauyi guda, ba za ka bambance taya mai riƙo da mai shirin zamewa ba.

A lura da zubin samfuri, ba sunansa kawai ba. G923 na 2020 iri biyu ne a kwali kusan ɗaya. Na PlayStation yana bin hanyar G29, new-lg4ff yake bukata a Linux. Na Xbox yana bin hanyar G920, sai usb_modeswitch da direban HID++, wanda ya san shi tun kenel 6.3. TrueForce, ƙaramar girgizar injin mota da titi da ake tallata G923 da ita, hanya ce dabam da DirectInput: sai wasan yana ɗauke da ita kuma G HUB yana gudana, direbobin Linux da na ambata ba sa aika ta. A Fanatec izinin PlayStation yana cikin gindin sitiyari, na Xbox yana cikin zoben da ake riƙewa, kwamfuta kuwa ba ta tambayar ko ɗaya daga cikinsu.